Ƙaramin Babur Ɗin Eudald Mai Burodi

Ranar da Eudald mai burodi ya shigo filin coci a kan babur mai inji ɗari da ashirin da biyar, babu wanda ya yi masa kara. Mutum ne mai kilo ɗari da sha takwas, wuya ya haɗe da kafaɗa, ga shi tsaye ƙerere bisa abin da ake saya wa masu koyon hannu. Masu shan kofi a ƙofar shago suka ajiye kofuna. Wani ya tambaye shi ko aro ya yi, wani ya ce a tausaya wa abin a bar shi ya girma tukuna. Eudald ya kashe inji, ya cire hular kwano, ya bar su suka yi mai isarsu. Idonsa na can ƙarshen tebur, wajen kujerar da Quirze ya saba zama. Wata na biyar ke nan babu kowa a kanta.

A nan ƙauyenmu Puigsec, sama da garin Ripoll, ko jariri ya san wasan trial ba na gudu ba ne. Babur ne mara wurin zama, kana tsaye a kansa, ka bi ta inda aka kewaye da zare cikin duwatsu da rafi ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Kowane irin wurin nan zona muke ce masa, kuma kowace zona da alƙalinta mai filayar huda kati. Ka sa ƙafa sau ɗaya, ya huda maka ɗaya. Ka faɗi ko inji ya mutu, ya huda maka biyar. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ne gwani.

Eudald bai taɓa zama gwani ba, kuma bai taɓa cewa shi gwani ne ba. Yana da shekara ashirin da biyu mahaifinsa ya rasu ya bar masa tanda da garin da ba ya iya karya kumallo sai da burodin gidansu. Tun daga lokacin kwana shida na mako na mutane ne, Lahadi kaɗai ce tasa, kuma a kan duwatsu yake kashe ta. Shekara talatin yana hawa. Duk lokacin da tumbi ya ƙaru sai ya ƙara inji, daga ɗari biyu da hamsin har ya kai ɗari uku, inda babu sauran gaba. Kowa a ƙungiyar mahaya ya yarda cewa ƙaton mutum sai ƙaton inji. Mun faɗa, mun maimaita, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili, domin mu nan idan magana ta yi daɗin faɗa ba ma bincikarta.

Quirze kuwa yayan matarsa Roser ne, amma tun kafin a yi zancen aure abokinsa ne, tun suna zama benci ɗaya a firamare. Siriri ne, tsohon mai raba wasiƙu, mai baki kamar reza. Da ya gane hawa ba nasa ba ne sai ya karɓi filaya, ya zama alƙalin zona ta bakwai da ke kwazazzabon bayan tsohon injin niƙa. Shekara ashirin da shida yana tsayawa a kan wani faifan dutse da ke saman matakin ƙarshe, wai daga nan ne kawai yake ganin ƙafafun mahayi duka biyu. Ba ya yi wa kowa alfarma, surukinsa ma ya fi tsananta masa.

A gasar garin ta watan Oktoban bara abin ya faru. Matakin ƙarshen nan dutse ne da ya kai ƙirjin mutum, kullum da gansakuka a jikinsa. Tayar gaban Eudald ta hau, ta baya ta zame, nauyinsa gaba ɗaya ya koma baya. Mai faɗuwa kuwa abin da ke hannunsa yake riƙewa, abin da ke hannun daman Eudald shi ne totur, hannun kuma shekara talatin yana murza ƙullu. Ya murɗe shi har ƙarshe. Injin ɗari uku bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe tsaye, ya watsar da mai shi a rafi, ya tashi sama ya sauka a kan faifan dutsen. Ƙugun Quirze ya karye wuri biyu, cinya ma ta samu nata.

A asibiti Quirze ya ce masa ba komai, wasa ne, kowa ya san abin da ke cikinsa. Daga nan bai ƙara ba. Ya dawo gida da ƙarfe a ƙugu da sanda a hannu, ya koma gaishe da Eudald cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo karanta mitar ruwa. Kowace safiya Eudald na rataye masa burodi a ƙofa, shi kuma ya leƙo ta taga ya ce an gode, ya ja labule. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi, wai matakalar gidan ta yi masa yawa. Lokacin tsintar naman kaza a daji ya zo ya wuce, kwandonsa na rataye. Roser ce take ta kai kwano tana dawowa da kwano, har ranar da ta dire tukunya ta gaya wa mijinta cewa yaya ɗaya take da shi da miji ɗaya, kuma ta gaji da zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu masu taurin kai.

Abin na cin Eudald ƙwarai. Abotar shekara arba'in da biyar ce take mutuwa a gabansa a hankali, cikin gaisuwa da godiya, kuma ya rasa inda zai kama ta. Ya bayar da haƙuri har kalmar ta suɗe a bakinsa.

Da sanyi ya fara sauƙi sai ya ɗora babban babur ɗin a mota ya kai wa Assumpta mai garejin babura a Ripoll, ya ce ta sayar, shi ya daina. Assumpta ta haura sittin, ta gaji garejin daga mijinta, ta kuma fi shi iyawa. Ta goge hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Dainawa ka yi, ko tsoro kake ji?"

"Akwai bambanci ne?"

Ta shiga ciki ta turo wani ɗan babur ta jingine masa a ciki. Eudald ya ji kamar ta mare shi.

"Haba Assumpta, da girmana? Wannan ko buhun fulawa biyu ba zai ja ba."

"Zai ja ka. Abin da ba zai iya ba shi ne ya tashi da kai sama, kuma shi kake nema."

Ta ce masa shekara ashirin tana kallonsa yana sayen ƙarfin da ba ya buƙata, ta yi shiru saboda ba a tambaye ta ba. Nauyin da yake jin kunyarsa shi ne yake danne taya a kan dutse, abin da sirara ke roƙon Allah su samu. Ƙarfi bai taɓa yi masa kaɗan ba, hannu ne ya yi masa yawa. Babban inji kuskure ɗaya yake jira, ƙaramin kuwa sai ka roƙe shi sau uku kafin ya yarda ya yi wauta. Ta ce za ta sa masa sifirin mai tauri a baya, sauran aikin nasa ne, kuma ya shirya shan dariya.

Ya sha ta kuwa, har ya ƙoshi. Amma dariyar filin coci ba ta kai wulaƙancin da babur ɗin kansa ya yi masa ba. Ranakun Litinin da yamma yakan tafi tsohuwar ma'aikatar fasa dutse shi kaɗai, inda babu ido. Inda babban inji yake hayewa da ɗan taɓi, wannan sai ya yi tari ya mutu. Dole ya koyi ba shi wuta har ya yi kuka, ya riƙe kuloci da yatsa ɗaya yana sakinsa kaɗan-kaɗan, ya san inda zai ajiye tumbinsa kafin ya iso dutse. Gwiwoyinsa suka kumbura. Sau biyu yana dawowa da niyyar mayar wa Assumpta kayanta. Sai wajen watan Yuli ya gane wani abu da bai yi masa daɗi ba, cewa shekara ashirin ɗin nan babur ne yake hawa da shi, shi dai riƙe yake. Yanzu ne ya fara hawa, yana da shekara hamsin da biyu.

Saura mako ɗaya gasar bana aka liƙa sunayen alƙalai a ƙofar shagon kofi. Eudald ya bi da yatsa har zona ta bakwai, ya ga sunan Quirze. Shugaban ƙungiya ya rantse masa cewa ya yi iya yinsa, ya ba Quirze zona ta ɗaya da ke fili, har da kujera, mutumin ya ce ko ta bakwai ko ya mayar da filaya. Eudald ya tafi gidan surukin nasa bai ko cire rigar aiki ba. Quirze ya saurare shi ta taga har ya gama, ya ce inda ya saba tsayawa nan zai tsaya, ya gode da kulawa. Roser ta ce su biyun duka ba su da hankali, ita ba za ta je ta kalla ba.

Eudald ya yi ta juya abin har ya samo mafita. Akwai al'adar da kowa ya sani, idan zona ta fi ƙarfinka kana iya zuwa wajen alƙali da ƙafa, ka miƙa kati ka ce ya huda maka biyar, ka wuce ba tare da ka shiga ba. Babu kunya a ciki, manya ma suna yi. Da wannan ya samu ya ɗan ci abinci.

Ranar Lahadi gari ya waye da yayyafi, duwatsu duk sun jiƙe. Zona shidan farko suka zo masa da sauƙin da bai zata ba. Inda masu manyan injuna ke ta watsa taɓo taya na juyawa a banza, ɗan nasa sai ya yi ta kuka yana hayewa a hankali. Masu tsokana suka rage murya. Shi kam bai ji daɗin komai ba, domin kowace zona da ya gama kusantar da shi take yi.

A bakin ta bakwai ya jingine babur a bishiya, ya shiga da ƙafa kamar yadda kowa yake yi don duba hanya. Ya haye rafin, ya zagaye saiwoyi, ya ɗaga kai. Quirze na can a kan faifan dutsen, daidai inda yake bara, ya dogara da sanda, filaya na rataye a wuyansa. Mutum biyu ne suka ɗaga shi suka kai shi can da safe. Eudald ya hau ta gefe yana haki, ya miƙa kati.

"Huda min biyar."

Quirze bai karɓa ba. "Ban ga ka shiga ba."

"Doka ta ba ni dama."

"To kai ƙarata. Ni abin da idona ya gani nake hudawa."

"Na ji. Matsa bayan bishiyar can, in shiga."

"Daga can ba na ganin ƙafarka ta hagu."

Eudald ya rage murya, don mahaya kusan goma sun taru a ƙasa suna jira, kuma duk sun yi tsit. "Quirze, don Allah. In abin ya sake faruwa ba za ka iya tsalle ba."

"Bara da nake iyawa, na yi ne?"

Ya mayar da idonsa kan rafi, alamar ya gama magana. Eudald ya tsaya da kati a hannu. Yana iya sauka ya tura babur ɗinsa gida, babu wanda zai zarge shi. Amma ya san surukinsa. In ya juya yanzu, gobe zai rataye burodi, a ce masa an gode, jibi ma haka, har ranar da za a binne ɗayansu. In kuma ya shiga, zai nufi mutumin da ya riga ya karya sau ɗaya da babur, a kan dutsen da ya fi na bara santsi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya cusa katin a aljihu ya sauka.

Sai bugu na uku injin ya tashi. Ya miƙe a kan matakan ƙafa na babur, ya shiga tsakanin zaren. Ruwan rafin ya kai rabin taya. Ya bi duwatsun ƙasa a giya ta ɗaya, yatsa a kan kuloci, yana jin kowane dutse ta tafin ƙafarsa. A kwanar saiwoyi tayar gaba ta zame, ya sa ƙafa sau ɗaya ya ɗauke. Bai ɗaga kai ya ga ko an ƙirga ba. Ya miƙe hanya, sai ga matakin ƙarshe a gabansa, baƙi wuluk da ruwa, a samansa kuma takalman Quirze da bakin sandarsa.

Ya tsaya cak a kan babur, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, na ɗan abin da numfashi biyu za su ɗauka. Ya ba shi wuta har ɗan injin ya kai ƙarshen muryarsa. Ya saki kuloci.

Tayar gaba ta hau daidai. Ta baya ta bugi dutsen, ta kama, ta hau rabi, sai ta sami gansakuka ta zame. Eudald ya ji tumbinsa ya koma baya, hannuwansa sun miƙe. Ya san abin da ke biyo baya, yana kallon hannunsa na dama yana murɗa totur, ya kasa hana shi. Wata bakwai na Litinin bai canza hannun ba ko kaɗan. Injin ya ƙwalla ƙara, gaban babur ya ɗaga, ya rufe masa fuskar Quirze.

Ya ɗaga kamar kamu biyu, ya tsaya a nan yana karkarwa. Ɗan injin ya ba da duk abin da yake da shi, amma kilo ɗari da sha takwas na rataye a bayansa, ya rasa yadda zai yi da su. Maimakon ya tashi sai ya ja jiki ya haye bakin dutsen da ƙyar, kuma jinkirin nan ya ishi yatsan Eudald ya lalubo kuloci ya damƙe. Tayar gaba ta faɗo a kan faifan dutsen, ta doke sandar Quirze ta cilla ta cikin rafi. Inji ya yi tari ya mutu. Eudald ya dire ƙafafunsa biyu.

Tsakanin tayar da ƙaurin Quirze tafin hannu ba zai shiga a kwance ba. Bai matsa ba. Da sandar ta tafi sai ya kama kan babur ɗin da hannu biyu, suka tsaya fuska da fuska, ƙarfen na tsakaninsu. Ba a jin komai sai ruwa da salansa da ke ƙas-ƙas tana hucewa. Fuskar Quirze ta yi fari fat.

"Biyar," ya ce.

Eudald ya zaro kati ya miƙa. Quirze ya saki hannu ɗaya ya kama filaya, ya kai ta bakin katin, ta kauce. Ya sake, ta sake kaucewa. Hannun da ya huda katin rabin garin nan ya kasa matse ɗan ƙarfe.

"Ba fushi nake da kai ba," ya ce, idonsa a kan katin. "Da fushi ne da na gaya maka tun a asibiti, ka san bakina. Tsoronka nake ji. In na hango ka ta taga da burodin nan, ƙarar injin nake ji a kunnena, ƙafata ta ɗauki rawa. Ta yaya zan zauna tebur ɗaya da kai ƙanwata na kallo? Na ce bari in zo in tsaya, ka taho, in ga ko zan mutu."

Eudald bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Shekara guda yana neman gafara a wajen mutumin da ke ɓoye masa rawar ƙafa, yana kuma zuwa masa ƙofa kowace safiya ba fashi. Kunya da tausayi suka taso masa tare. Ya ɗora ƙaton hannunsa a kan na Quirze, ya daidaita filayar a kan biyar, suka matsa tare har ta huda.

Daga ƙasa wani ya tsamo sandar daga rafi, ya fara hawowa da ita. Eudald ya yunƙura zai ja babur baya ya ba da wuri, sai Quirze ya damƙe masa hannun riga.

"Tsaya tukuna," ya ce. "Kada ka sake ni yanzu. Ƙafar ba ta daina ba."